Babi na Biyar: Littafin da Alƙalai Suka Yaba da Wanda Ya Iso Kasuwar Kure

"Wai littafin da aka ce ya shiga gasa ya fi sauran ne?" Iyaye kan yi wannan tambaya duk lokacin da rediyo ya kawo labarin wani marubuci ya kwashi maƙudan daloli saboda littafin yara. Kafin a gama amsawa sai ta biyu ta biyo baya, wadda ta fi ta farko zafi: "To in har ya fi, me ya sa ban taɓa ganinsa a kasuwa ba?"

Mai wannan tambaya ba neman rigima yake yi ba. Magidancin da ke zaune a Bosso ko Tunga ko Maitumbi, idan zai saya wa 'ya'yansa littafi, Kasuwar Kure zai nufa, babbar kasuwar Minna mai ɗauke da sunan Injiniya Abdulƙadir Kure, wanda ya mulki Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007. A can zai yanki yadin yunifom, ya sayi takalmi da jaka, sannan ya tsaya wurin masu littattafai. Abin da ya tarar a kan tebur shi zai kai gida. Wanda babu a kan teburin kuwa, ko an yi masa biki a Legas an tafa har hannu ya yi ja, a wurin ɗansa kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

Yadda littafi ke shiga jeri

Gasar adabi mafi tsoka a Nijeriya ita ce wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tun 2004. Kowace shekara fanni ɗaya ake ɗauka: ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo, adabin yara, sai a sake zagayowa. Ke nan littafin yara sau ɗaya yake samun fili cikin shekara huɗu. Tun 2011 kyautar ta kai dala 100,000, kuɗin da marubucin yara a ƙasar nan zai iya tsufa bai tara rabinsu daga cinikin littafi ba.

Alƙalan gasa ba sa bin kasuwanni suna cigiyar littafi mai kyau. Marubuci ko kamfanin da ya buga littafin shi ke aikawa da kwafe, kuma wanda bai aika ba bai shiga ba, komai daɗin labarinsa. A 2024, da zagayen ya faɗo kan adabin yara, littattafai 163 aka aika. Alƙalai suka tace suka fitar da 11, daga baya suka sake tacewa suka bar 3, a watan Oktoba aka bayyana gwani.

Wannan lissafi yana da amfani ga mai saye. Idan aka rubuta a bangon littafi cewa "ya shiga gasar NLNG", sai a tambaya: ya kai ina? Duk 163 ɗin sun shiga, domin shiga ba ta buƙatar komai sai aikawa. Amma wanda ya kai jerin 11, malaman jami'a da masana sun karanta shi daga bango zuwa bango, sun fifita shi a kan ɗari da hamsin da wani abu. Wannan shaida ce da ba a rainawa.

Tsarin ya yi kama da musabaƙar Alƙur'ani da kowa ya sani, inda ake tacewa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, kuma duk wanda ya kai zagayen ƙarshe an san ya iya, ko da bai zo na ɗaya ba. Sai dai a musabaƙa yaron ne ke zaune gaban alƙalai, muryarsa ake ji. A gasar littafin yara kuwa babba ne ya rubuta, babba ya buga, manya suka yi hukunci, yaron da ake yi dominsa yana gida ba wanda ya tambaye shi.

Alƙalai ma mutane ne

A 2015 an aika littattafan yara 109 zuwa gasar NLNG, alƙalai suka ce babu ko ɗaya da ya cancanci kyautar. Marubuta sun fusata, jaridu sun yi ta cece-kuce. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi wa iyaye rana, domin ya nuna cewa tambarin gasar ba a raba shi don kunya. Ya kuma tona wata cuta da ta daɗe: mutane da yawa suna ɗaukar rubuta wa yara abu ne mai sauƙi, a rage tsawon labari, a cika shi da nasiha, a liƙa hoto biyu marasa kyau, shi ke nan an yi littafin yara. Yaro kuwa ba ya yi wa littafi kara. Idan shafi biyu suka wuce bai ji komai ba, zai ajiye ya fita ƙwallo.

Duk da haka alƙalai kan yi kuskure, a nan da ko'ina. A Amurka akwai lambar Newbery, wadda ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ke bayarwa tun 1922. Gwani yana samun tambarin zinare a bango, waɗanda suka biyo baya su sami na azurfa. A 1953 zinaren ya tafi ga wani littafi mai suna Secret of the Andes. Na azurfa ya faɗa kan Charlotte's Web na E. B. White. Yau na biyun ne aka fassara zuwa harsuna da dama, aka yi fim da shi, ake karanta wa yara shi a ko'ina, na farkon kuwa sai masu bincike ke tunawa da shi. Shi ya sa nake ganin jerin ƙarshe ya fi sunan gwani shi kaɗai amfani ga uba ko malami. Tsakanin ukun ƙarshe sau da yawa bambancin bai wuce ɗanɗanon mutum uku da ke zaune a ɗaki ɗaya ba.

A lura kuma, shi wannan Charlotte's Web labarin gizo-gizo ne da ɗan alade. Littafi ne mai taushi da hikima, amma na san gidaje a Minna da ba zai kwana ba. Kowace gasa da irin mutanen da take yi wa zaɓe, kuma ba laifi uba ya tuna da wannan.

A Ingila sun ɗan gyara matsalar rashin yaro a teburin hukunci. Lambar Carnegie, wadda ta faro a 1936, tana da tsarin da ɗalibai a makarantu ke karanta littattafan jerin ƙarshe tare da malamansu, su yi muhawara, su kaɗa ƙuri'ar nasu gwanin daban da na alƙalai. Wani lokaci zaɓin ya zo ɗaya, wani lokaci ya saɓa.

Me ke cikin littattafan?

Wanda ya ɗauka littafin yara da ya ci gasa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce da aka yi wa kwalliya, zai yi mamaki. A 2019 Jude Idada ne ya ci da Boom Boom, labarin wani yaro da karensa da ƙanwarsa mai fama da ciwon sikila. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi kowace shekara. Da wuya a sami layi a unguwa da babu gidan da ake kwana a zaune saboda shi. Littafin da zai sa yaro ɗan shekara goma ya gane dalilin da ƙanwarsa ke kuka da ciwon ƙashi, ya kuma ji ana maganar gwajin jini kafin aure ba tare da an yi masa lacca ba, ya yi aikin da fasta goma a bangon asibiti ba su yi ba. Abokan takararsa a waccan shekara su ne Mystery at Ebenezer Lodge na Dunni Olatunde da The Great Walls of Benin na O. T. Begho.

A 2024 Olubunmi Familoni ya ci da The Road Does Not End, wanda ya taɓo yaran da ake sa wa aikin neman kuɗi tun ba su kai ba. Tare da shi a jerin ƙarshe akwai A Father's Pride na Ndidi Chiazor-Enenmor da Wish Maker na Uchechukwu Peter Umezurike. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Kasuwar Kure da hantsi, lokacin da ya kamata a ce ana aji, ya ga masu tallan ruwan leda da masu turin baro, ya san jaruman irin wannan labari ba sai an je Legas nemansu ba. Suna nan, kuma su ne na ƙarshe da littafin zai iske.

Kafin waɗannan akwai The Missing Clock na Adeleke Adeyemi, wanda ke rubutu da sunan Mai Nasara, a 2011. A 2007 kuma Mabel Segun da Akachi Adimora-Ezeigbo suka raba kyautar.

A gaban mai shago

Yanzu sai mu ɗauki ɗaya daga cikin sunayen nan mu shiga kasuwa. Zancen kan tafi kamar haka:

"Malam, kana da Boom Boom?"

"Na wane aji ne, Alhaji?"

"Ba na aji ba ne, labari ne. Ya ci gasa."

"Yana cikin lis ɗin makarantarsu?"

"A'a."

"To gaskiya ba mu kawo shi. Amma in kana so sai a yi maka oda."

Kada a zargi mai shago. Jarinsa ƙanƙane ne, kuma cinikinsa na shekara kusan duk a 'yan makonnin komawa makaranta yake, a watan Satumba. Yana sari daga dilolin Anaca da Legas da Ibadan, kuma abin da ya tabbata zai fita shi yake ɗaurowa: littattafan lissafi da Turanci, tambayoyin jarrabawar baya, littafin rubutu dozin-dozin, a gefe kuma Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi waɗanda kasuwarsu ba ta mutuwa. Littafin da ba ya cikin lis zai zauna ya sha ƙura, bangonsa ya koɗe, kuɗinsa su kwanta.

Ga kuma tsada. Masana'antun takarda da aka gina a Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe da durƙushewa, don haka takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita da dala. Littafin yara kuwa ya fi kowane cin kuɗi, saboda yana son hoto mai launi da takarda mai kauri. Yawancin littattafan da ke shiga gasa kaɗan ake bugawa, wasu ma marubucin ne ya biya daga aljihunsa, ya aika wa alƙalai nasu, ya raba wa abokai, sauran suna kwali a ƙarƙashin gado. Har masu buga na jabu, waɗanda suka addabi kamfanonin ɗab'i, ba sa kula irin wannan littafi. Ɓarawo ma sai abin da ke da kasuwa yake sata.

Idan ana neman littafin matasa da ya shiga kowane lungu na ƙasar nan, sai a duba wanda hukumar JAMB ta ɗora wa masu neman shiga jami'a. The Last Days at Forcados High School na A. H. Mohammed ya yi zamaninsa, Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi ya yi nasa, The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli ya riƙe daga 2021 zuwa 2024, sai The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba ya karɓa a 2025. Ɗalibai kusan miliyan 2 ke zama wannan jarrabawa a shekara. Babu wata lambar yabo a Afirka da za ta ba marubuci masu karatu irin haka. Ko sun karanta don daɗi ko don tsoron faɗuwa, wannan wata magana ce. Da yawa taƙaitawa kawai suke nema a waya. Amma littafin ya isa hannu.

Abin da ya kamata ya ba mutumin Minna tunani shi ne, ɗaya daga cikin hukumomin da ke da irin wannan iko a garinsa take. Hedikwatar NECO, hukumar jarrabawar da aka kafa a 1999, a Minna take. Littafin da ya shiga manhajar jarrabawa, ko jerin da ma'aikatar ilimi ta jiha ta amince da shi, ba ya buƙatar talla. Da kansa mai shago zai neme shi.

Abin da aka yi a 1933

Ba yau aka fara gasar littafi a ƙasar Hausa ba, kuma ta farkon ta fi na yanzu dabara ta wani fanni. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya ga an koya wa yara karatun boko da Hausa amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Sai ya zaga yana roƙon malamai su rubuta labarai, aka sa gasa. Daga wannan yunƙuri littattafai biyar suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

Biyu daga cikin marubutan nan wa da ƙane ne, kuma asalinsu Kagara, wadda yau take cikin Jihar Neja. A can aka haifi Imam a 1911, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Da East ya ga hannunsa, sai ya nemo shi zuwa Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya fara fitowa a 1937.

Shekara casa'in ke nan, amma in ka tambayi mai littattafan Hausa a kowace babbar kasuwa ta Arewa, waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a wurinsa. Gwanintar Imam ita ce dalili na farko, ba musu. Aku mai ba da labari a Magana Jari Ce da Alhaji Imam mai fafatawa da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja ba su tsufa ba. Amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Wanda ya sa gasar shi ne mai bugawa, kuma shi ne mai kai littafi makarantu. Hukuma ɗaya ce ta zaɓa, ta gyara, ta buga, ta ɗora a kan bencin ɗalibi. Daga baya Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA da kamfanin ɗab'i na NNPC suka gaji aikin suka ci gaba da sake bugawa, manhajar Hausa kuma ta riƙe littattafan. Tun ranar da aka zaɓi littafin an riga an share masa hanya har aji.

Gasar yau tana ba marubuci cek a gaban kyamara, sannan kowa ya watse. Dala 100,000 na iya canza rayuwar mutum ɗaya. Da za a ware ko kashi ɗaya cikin biyar na irin wannan kuɗi a sayi littattafan jerin ƙarshe a raba wa makarantun gwamnati, da an canza abin da dubban yara ke karantawa. Wannan ra'ayina ne, kuma na san marubuta ba za su so a taɓa musu cek ba. To a bar musu, a ƙaro wani.

Garin da ke haifar marubuta

Minna ba baƙuwar adabi ba ce. A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, wanda The Passport of Mallam Ilia da The Drummer Boy nasa, duka na 1960, suka raini ɗaliban sakandare na zamani bayan zamani. A nan aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci lambar Booker a 1991. Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai, ya shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, kuma a Minna ya yi yawancin rayuwarsa ta rubutu har rasuwarsa a 2015.

Amma abin da ya fi shafar wannan babi shi ne aikin B. M. Dzukogi, wanda ya kafa cibiyar horar da matasa marubuta ta Hill-Top a Minna a 2004. Shi ya juya tambayar ne gaba ɗaya. Maimakon a tsaya jiran babba ya rubuta wa matashi, sai a zaunar da matashin a koya masa ya rubuta nasa, a gyara, a buga tun yana sakandare. Daga wannan cibiya aka sami bikin makarantu na HIASFEST da gasar marubuta matasa ta ƙasa, inda 'yan ƙasa da shekara ashirin ke fafatawa da littattafansu. Ita ma NECO ta taɓa ɗaukar nauyin kyautar marubuci matashi tare da ANA. Ɗan Dzukogi, Saddiq, wanda ya taso a wannan da'ira, ya kai ukun ƙarshe na gasar NLNG a 2022 da diwaninsa Your Crib, My Qibla, ko da yake wannan na manya ne, makoki ne na 'yarsa.

Ana iya sukar wannan hanya, kuma ana yi. Wasu na cewa gaggawar buga wa yaro ɗan shekara 15 littafi na iya sa ya ɗauka ya gama koyo. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai yarinyar da ta ga sunan 'yar ajinsu a bangon littafi ta daina ɗaukar marubuci wani aljani ne da ke zaune a Ingila, kuma za ta karanta wannan littafi ko don ta ga abin da ƙawarta ta iya da ita ba ta iya ba. Kishi ma hanyar shiga karatu ce. Matsalar dai ita ce ta ɗazu: littattafan nan a wurin biki ake ganinsu, tsakanin zauren taro da teburin mai shago kuwa tafiyar ba ta da nisa a ƙafa, amma ba a cika yin ta ba.

Da wane harshe?

Duk littattafan yaran da suka ci gasar NLNG da Turanci aka rubuta su. A Kasuwar Kure kuwa, inda Bagwari da Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Ibo ke cakuɗuwa, da Hausa ake yawancin ciniki. Yaro ɗan aji uku a makarantar gwamnati, wanda Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, idan aka miƙa masa littafin da ya ci dala 100,000 zai kalli hotuna ya mayar. Littafin bai yi laifi ba, yaron ma bai yi ba.

Hausa na da gasanninta. Wadda kamfanin NNPC ya shirya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980. Ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Sashen Hausa na BBC ya fara Hikayata a 2016 don mata marubuta gajerun labarai. Duk waɗannan sun yi amfani, 'yan mata da samari sun karanta su sosai, amma ba don ɗan shekara takwas aka shirya su ba. Marubutan Hausa kuma, waɗanda suka cika kasuwa da littattafan soyayya tun shekarun 1980, ba su juyo ga ƙananan yara da irin wannan ƙarfi ba, domin ɗan firamare ba shi da kuɗin saye, uba kuma lis yake bi. Abin da ake samu na yara da Hausa yawanci daga shirye-shiryen koyar da karatu yake fitowa, irin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, ko labaran kyauta na shafin African Storybook a intanet. Suna da kyau wajen koyon haɗa baƙi, amma yaron da ya iya karatu yana neman labarin da zai hana shi barci, sai ya koma wurin Imam, kamar yadda kakansa ya yi.

To uba ya yi yaya?

Ya ɗauki jerin gasa a matsayin shawarar mutanen da suka karanta da yawa, ya fara da shi, kada ya tsaya a kansa. Jerin 11 ya fi ba da zaɓi, domin a ciki ake samun na ɗan shekara bakwai da na ɗan sha huɗu, waɗanda gasar ke haɗawa a kwando ɗaya da sunan adabin yara. Idan littafin ya zo hannu, ya ba yaron shafin farko ya karanta da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe da kalma biyar ko fiye a shafi ɗaya, littafin ya yi masa nauyi a bana, sai a karanta masa ko a ajiye sai baɗi. In ya kai ƙarshen shafi ya juya da kansa ba a ce masa ba, an dace.

Maganar oda kuma kada a raina ta. Mai shago ba zai ɗauro kwafi ɗaya daga Legas ba, kuɗin mota ya fi ribar. Amma idan iyaye goma a taron iyaye da malamai suka haɗa kai, ko shugabar makaranta ta sa littafi ɗaya na jerin gasa cikin lis ɗin kowane zango, zai kawo kwali guda, kuma shekara mai zuwa zai kawo ba a tambaye shi ba. Makarantun kuɗi a Minna su ke rubuta lis ɗinsu, don haka wannan ƙofa a buɗe take ga duk uwar da za ta iya cewa, "Malama, ga wani littafi da na ji an yaba, ko za a duba?"

Duk wannan ya shafi yaron da har yanzu ake saya wa littafi. Da zarar ya kai shekara sha huɗu ya sami waya, ko ta gidan ta zama tasa da dare, sai zaɓi ya fita daga hannun uba da malami da alƙali gaba ɗaya. 'Yan mata a Kpakungu da Chanchaga suna karanta labaran Hausa masu babi ɗari a WhatsApp da Wattpad, suna biyan kuɗi ta banki don a sa su a rukuni, suna jiran marubuciya ta saki shafin gobe. Su wane ne ke rubuta waɗannan labarai, me ke cikinsu, kuma nawa ake samu, shi ne abin da babi na shida zai bi.